Wasiƙa ga Malam Daga Amurka: Mutanen da Ke Riƙe da Cibiyoyin Rubutu da Magana a Jami'o'i

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayar da kuka yi mini a saƙonku na baya, inda kuka ce in faɗa muku hidimar da ta fi burge ni cikin hidimomin da jami'o'in Amurka suke yi wa ɗalibansu, in kuma kwatanta ta da abin da muka saba da shi. Na san kuna zaton zan ambaci girman laburare, ko kayan ɗakunan gwaje-gwaje, ko ƙarfin intanet, kuma lallai waɗannan duka suna da kyau, sai dai abubuwa ne da duk wanda ya samu kuɗi zai iya sayowa ya girke. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ɗaki da suke kira cibiyar rubutu da magana, wanda in kun leƙa ba za ku ga komai a cikinsa ba sai tebura da kujeru da farin allo da gwangwanin fensira. Hajar da ake bayarwa a ɗakin nan ita ce mutane da lokacinsu, saboda haka bayanina zai tsaya ne a kan su wane ne mutanen, daga ina aka samo su, kuma mene ne aikin kowannensu.

Bari in fara da yadda na san wurin, domin ban shige shi da daɗin rai ba. A zangon karatuna na farko wata malama ta dawo mini da takardar da na rubuta, ta ba ni maki matsakaici, ta kuma rubuta a ƙasa cewa in ziyarci cibiyar rubutu kafin in miƙa ta gaba. Na ɗauki wannan a matsayin cin fuska, ganin cewa da Turanci na yi digiri biyu, har na koyar da wasu. Duk da haka na shiga shafin cibiyar na kama lokaci, kamar yadda ake kama lokacin ganin likita, aka ba ni minti 45 ba tare da na biya komai ba, domin kuɗin hidimar yana cikin kuɗin makaranta. Da na isa sai na tarar wadda za ta duba mini aikin yarinya ce 'yar aji uku mai karatun kimiyyar sinadarai, wadda na ba ta fiye da shekara goma, kuma ba ta san komai game da fannina ba. Ta ce in karanta takardar da ƙarfi ita kuma ta saurara, ba ta ɗauki biro ba, ba ta kuwa gyara ko waƙafi ɗaya ba. Da na kai ƙarshen shafi na biyu sai ta tsayar da ni, ta ce ta ji tarihin al'amarin, ta ji ma'anar kalmomi, amma har yanzu ba ta ji abin da ni nake so ta yarda da shi ba. Muka yi ta nema tare, har muka same shi a tsakiyar shafi na huɗu, a laɓe cikin wata jimla da na fara da sunan wani masani. Na fita ina ƙunƙunin cewa gyaran nahawu na zo nema aka ɓata mini lokaci da tambayoyi, amma da dare na ɗauko jimlar nan na kai ta sakin layi na farko, sai sauran takardar ta zauna daram. Yau shekara biyu ke nan ni ma ina aiki a cibiyar, don haka abin da zan faɗa muku gani ne ba ji ba.

Ƙin gyaran da ta yi ba rowa ba ce, ƙa'idar aikin ce, kuma tana da tarihi. Tun 1874 Jami'ar Harvard ta fara yi wa masu neman shiga jarrabawar insha'i da Turanci, yawan waɗanda suka kasa ya tayar wa malamai hankali, aka kafa kwas ɗin rubutu na dole ga 'yan ajin farko, wanda sauran jami'o'in ƙasar suka kwaikwaya kuma suke kai har yau. A 1934 wata malama mai suna Carrie Stanley ta buɗe ɗakin koyon rubutu a Jami'ar Iowa, wanda ake lissafa shi cikin mafiya daɗewa. Irin waɗannan ɗakuna a wancan zamani wasu ma asibitin rubutu ake kiran su, malami ne ke zaune a ciki, kuma raunana ake turawa, shi ya sa shigarsu ta zama abin kunya. Sauyi ya zo ne bayan 1970, lokacin da jami'ar birnin New York ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya kammala sakandare a birnin, ɗalibai suka yi yawa, da yawansu kuma ba su da ƙwarin rubutu. Wani malami a Kwalejin Brooklyn, Kenneth Bruffee, ya lura cewa ɗaliban suna guje wa taimakon malamai domin ya yi musu kama da ajin da suka riga suka sha wahala a cikinsa, amma suna sakin jiki da ɗan'uwansu ɗalibi, sai ya fara horar da ɗalibai su zauna da junansu. A 1976 Muriel Harris ta kafa cibiyar Jami'ar Purdue, wadda darussanta na intanet suka zama madogarar ɗalibai a duniya. A 1983 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, a shekarar da ta biyo baya kuma Stephen North ya wallafa maƙalar da har yanzu ake karanta wa kowane sabon ma'aikaci, wadda ta ce aikin cibiya shi ne ta gyara marubucin, ba lallai takardar da ya kawo ba.

Mafi yawan ma'aikatan cibiyar, ke nan, ɗalibai ne masu neman digiri na farko, kuma ba da ka ake ɗaukar su ba. A wurinmu malamai ne ke ba da sunayen waɗanda suka ga sun dace, ko ɗalibi ya nema da kansa, sannan ya kawo samfurin rubutunsa, a yi masa tambayoyi, a kuma ba shi takarda mai matsala a ga yadda zai tattauna da mai ita. Na zauna a irin wannan tantancewa, na ga an bar ɗalibin da ya fi kowa maki aka ɗauki wanda bai kai shi ba, don kawai na farkon ya kasa yin shiru na minti ɗaya. Wanda aka ɗauka yakan yi kwas na zango guda a kan yadda ake koyar da rubutu, ya zauna ya kalli tsofaffin ma'aikata suna aiki, daga baya su ma su zauna su kalle shi. Wasu jami'o'in suna bin tsarin wata ƙungiya mai tantance horon masu taimaka wa ɗalibai, wadda matakinta na farko yake buƙatar awa 10 na horo da awa 25 na aiki. Biyansu na awa-awa ne. Mafi ƙarancin ladan awa a dokar tarayya dala 7.25 ne tun 2009, ko da yake jihohi da yawa sun ɗaga nasu, kuma wasu ɗaliban ana biyan su ne daga shirin gwamnatin tarayya na aiki tare da karatu da aka fara a 1964. Ɗalibin da ya zo daga waje kamar ni, takardar izinin zamansa ta yarje masa aikin cikin makaranta na awa 20 a mako idan ana karatu.

Asalin waɗannan yara ya bambanta ƙwarai, kuma da gangan ake yin hakan. Akwai masu karatun injiniya, da masu karatun jinya, da masu tarihi, da wani tsohon soja da ya dawo makaranta bayan ya bar aiki. A ganina waɗanda suka fi kowa iya aikin su ne 'ya'yan baƙin haure da suka taso suna yi wa iyayensu tafinta a asibiti da banki, domin tun suna ƙanana suka san bambancin mutumin da bai san abin da zai faɗa ba da mutumin da ya sani amma kalma ta ɓace masa.

Akwai rukuni na biyu na ɗalibai da ba sa zaman jiran mai zuwa, ana haɗa kowannensu ne da aji guda. Jami'ar Brown ce ta yi fice da wannan tsari tun 1982 a ƙarƙashin Tori Haring-Smith. Ɗaliban ajin sukan miƙa daftarin farko ga wannan mataimaki kimanin mako biyu kafin ranar miƙawa ga malami, ya karanta ya rubuta musu tsokaci, ya gana da kowa, sannan su sake rubutawa. Tushen wannan shi ne ra'ayin cewa koyar da rubutu ba aikin sashen Turanci kaɗai ba ne, malamin lissafi da na tattalin arziki ma suna da nasu kaso, ra'ayin da ake danganta farkonsa da tarurrukan malamai da Barbara Walvoord ta fara shiryawa a wata ƙaramar kwaleji a jihar Iowa a 1970.

Sama da waɗannan akwai mu, masu neman digiri na biyu da na uku. Da yawa daga cikin ajujuwan rubutu na 'yan shekarar farko a manyan jami'o'in gwamnati ɗaliban digiri na biyu da na uku ne ke koyar da su, aji mai mutum ashirin ko ɗan sama da haka, a madadin yafe musu kuɗin makaranta da ba su alawus na wata-wata. A cikin cibiyar kuma mu ake tura wa masu rubuta kundi, domin ɗan aji uku ba zai iya riƙe babi mai shafi sittin ba. Mukan shirya abin da zan kira sansanin rubuta kundi, inda ake tara masu kundin da ya tsaya cik a ɗaki ɗaya na mako guda, kowa ya rubuta a allo abin da zai gama a ranar, a ajiye wayoyi, a yi ta rubutu daga safe zuwa yamma. Babu lacca a cikinsa, amma na ga babin da ya yi shekara yana kwance ya tashi a kwana biyar.

Sai kuma ƙwararru masu albashi, waɗanda tarihin rayuwarsu ya fi na kowa ban sha'awa. Wasu marubuta waƙoƙi ne da ƙagaggun labarai masu digiri na biyu a fasahar rubutu, digirin da Jami'ar Iowa ta shahara da shi tun 1936, waɗanda littattafansu ba sa ciyar da su, sai suka riƙi wannan aiki. Wasu tsofaffin 'yan jarida ne da editoci da rufewar jaridun ƙananan garuruwa ta koro. Wasu sun ƙware a koyar da Turanci ga wanda ba harshensa ba ne, sun yi shekaru suna koyarwa a Koriya ko Japan ko ƙasashen Larabawa, kuma su ne suka fi gane dalilin da ya sa mai wani harshe yake maimaita kuskure iri ɗaya. A jami'o'in kimiyya irin su MIT har masu digiri a injiniya da kimiyya ake ɗauka su koyar da yadda ake rubuta rahoton gwaji da takardar neman tallafin bincike, domin mawaƙi, komai gwanintarsa, ba zai san jadawalin da ya yi ƙarya ba.

Daraktan cibiya yawanci yana da digiri na uku a fannin da suke kira balaga da insha'i, fanni mai zaman kansa da ke da mujallu da babban taron shekara-shekara na ƙungiyar da aka kafa tun 1949. Kafin in shiga na ɗauka aikin darakta duba rubutu ne, ashe shi ne mafi ƙarancin abin da take yi (tamu mace ce, kamar yadda mata suka fi yawa a wannan aiki). Ita ke ɗaukar ma'aikata da horar da su, ita ke kare kasafin kuɗi a gaban hukumar jami'a da alkaluman yawan waɗanda suka zo da sassan da suka fito, ita ke zama da malaman sassa ta nuna musu cewa rabin takardun da suke kuka da su tambayar da suka bayar ce ba ta fito fili ba. A ƙarƙashinta akwai mataimakiya mai tsara jadawali, akwai kuma ɗalibin da ke zaune a bakin ƙofa, wanda ba na raina aikinsa, domin mai shigowa da kunya daga fuskarsa yake yanke shawarar zama ko juyawa.

Ɓangaren magana ƙane ne ga na rubutu, kuma mutanensa daga wani gida suka fito. A 1914 malaman koyar da jawabi su goma sha bakwai suka ɓalle daga ƙungiyar malaman Turanci suka kafa tasu, tun daga nan fannonin biyu suka yi ta tafiya a rarrabe. Cibiyoyin magana sun fara yawaita ne a shekarun 1990, kamar ta Jami'ar Richmond da aka buɗe a 1996, ƙungiyarsu ta ƙasa kuma ba ta kafu ba sai a farkon shekarun 2000. Yanzu wasu jami'o'in, kamar Stanford, sun haɗa rubutu da magana a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ma'aikatan wannan ɓangare sun haɗa da masu digiri a fannin sadarwa, da 'yan wasan kwaikwayo masu koyar da numfashi da tsayuwa da ɗaga murya, da tsofaffin 'yan muhawara. Suna kuma ɗaukar tsoron magana a gaban jama'a da muhimmanci, domin tun 1970 James McCroskey ya fitar da ma'aunin da ake gwada shi da shi, saboda haka ba a ce wa mai rawar murya ya yi ƙarfin hali kawai, akwai atisayen da ake ba shi mataki-mataki. Mai in'ina kuwa akan haɗa shi da ƙwararrun gyaran furuci idan yana so.

Kayan aikinsu ɗan ƙaramin ɗaki ne mai majigi da kyamara. Za ka gabatar da jawabinka, a ɗauka, sannan ku zauna ku kalla tare da mai taimakon. A nan na gane cewa mu ba mu da matsalar tsoro, domin mun taso cikin muhawara da kacici-kacici tun sakandare, matsalarmu agogo ce. An ba ni minti goma sha biyu a wani taro, da muka kalli hoton gwajin sai na ga na cinye uku a gaishe da shugaban zama da manyan baƙi da neman afuwar kurakuran da ban riga na yi ba. Mai taimakon, wani tsohon ɗan wasan kwaikwayo, bai ce al'adata ba ta da kyau ba, ya dai tambaye ni wane sakamakon bincike nake shirye in zubar domin gaisuwar ta samu wuri. Su ne kuma ke horar da masu shiga gasar bayyana kundi cikin minti uku da hoto ɗaya tak, wadda Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta ƙirƙiro a 2008. Game da karin harshe, ba sa neman ka koma magana kamar Ba'amurke, abin da suke dubawa shi ne saurin magana da gaɓar da kake dannawa a kalma, tunda nan ne mai sauraro yake ɓacewa.

Ma'aikatan laburare ma suna cikin wannan sahu, ko da yake ofishinsu daban ne. Yawancinsu suna da digiri na biyu a ilimin laburare, kuma kowane sashe yana da nasa, wanda ke koya wa ɗalibi neman madogara da tsara manazarta, aikin da a gida kuke yi da kanku a kan kowane kundi.

Ingila ba ta bi wannan hanya sak ba, kamar yadda wani abokin karatuna da ke can ya bayyana mini. Ba su da kwas ɗin rubutu na dole ga kowa, kuma sun fi dogara ga ma'aikata masu albashi da ke koyar da dabarun karatu, da malaman Turancin ilimi da ke karɓar baƙin ɗalibai makonni kafin a buɗe makaranta. Abin da ya fi ba ni sha'awa a nasu shi ne wani asusun tallafa wa marubuta mai suna Royal Literary Fund, wanda aka kafa tun 1790, kuma daga 1999 ya fara tura marubutan littattafai jami'o'i su zauna kwana biyu a mako suna ganin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, asusun ne ke biyan su ba jami'ar ba. Jami'ar Coventry ta buɗe cibiyar rubutu irin ta Amurka a 2004. A Jamus, Jami'ar Bielefeld ta fara a 1993, a Afirka ta Kudu kuma Jami'ar Cape Town ta buɗe tata a 1994, lokacin da ƙofofin da wariyar launin fata ta rufe suka fara buɗewa. Na ambaci wannan ta ƙarshe ne musamman domin kada a ce abin sai ƙasashe masu arziki.

Idan na juyo gida, Malam, ba zan ce ba mu da komai ba. Kwasa-kwasan nazarin bai-ɗaya, waɗanda Jami'ar Nsukka ta fara su tun farkon shekarun 1960 kuma Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta wa kowa, suna da darasin amfani da Turanci, wanda shi ne takwaran kwas ɗin 'yan ajin farko na nan. Bambancin shi ne namu lacca ce a babban zaure, kuma malami ɗaya ba zai iya karanta daftari uku na kowane ɗalibi cikin ɗaruruwa ba, ko da bai yi barci ba. Akwai ma abin da muka fi su: kowane ɗalibinmu na ajin ƙarshe yana rubuta kundi, a sassa da yawa kuma yana kare shi da baki, alhali a nan yawancin masu digiri na farko suna fita ba su taɓa rubuta aiki mai tsawon haka ba. Sai dai duk ayyukan da na lissafa a sama, na yarinyar sinadarai da na edita da na ma'aikacin laburare da na mai kyamara, a gida mutum ɗaya ne ke ɗauke da su, wato malamin da ke duba kundi, kuma shi ne dai zai ba da maki a ƙarshe. Na tuna yadda nake kawo muku babi ina ɓoye inda ban fahimta ba, ba don ba ku da haƙuri ba, sai don ba a nuna wa alƙali raunin ƙara. Ma'aikacin cibiya ba ya ba da maki, ba ya zama a kwamitin jarrabawa, kuma a wurinmu ba ya sanar da malami cewa ka zo sai ka ce a sanar, a ƙasar da dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974 take da ƙarfi. Shi ya sa ɗalibi yake iya buɗe baki ya ce bai san bambancin taƙaitawa da satar rubutu ba, a koya masa kafin abin ya zama laifi. A wurina wannan rabuwa tsakanin mai taimako da mai hukunci ita ce ainihin hidimar.

Ba zan ɓoye muku aibin tsarin ba. Da yawa daga cikin ƙwararrun da na yaba suna aiki ne da kwantiragin shekara ɗaya ko ma na zango ɗaya, wasu ana biyan su a kan kowane kwas, suna yawo tsakanin makarantu biyu ko uku domin su haɗa abin biyan haya, kuma fiye da rabin masu koyarwa a manyan makarantun ƙasar nan ba sa kan turbar samun kujerar dindindin. Daraktoci da dama ma'aikatan gudanarwa ake ɗaukar su ba malamai ba, don haka ba su da ƙuri'a a majalisar malamai, kuma idan kuɗi ya yi ƙaranci cibiyar na cikin wuraren da ake fara taɓawa. Ƙa'idar ƙin riƙe biro ma tana da iyaka. Ta dace da wanda Turanci harshen uwarsa ne, wanda in ya karanta da ƙarfi kunnensa zai kama kuskuren, amma wanda ya koyi harshen a makaranta, ko tambaya ɗari ka yi masa ba zai gano ƙaramar kalmar da ta dace da wani fi'ili ba, sai an faɗa masa. Mun yi gardama mai zafi a kan wannan a taron ma'aikata, kuma yanzu an sassauta: mukan zaɓi kuskure biyu ko uku da suke maimaituwa, mu bayyana ƙa'idarsu a sarari, mu gyara misali ɗaya, mu bar masa sauran.

Tun ƙarshen 2022 da ChatGPT, na'urar nan mai yi wa mutum rubutu, ta fito aikin ya sake sauya kama. Masu zuwa don nahawu sun ragu, masu zuwa da takarda mai santsi wadda ba ta ce komai ba sun ƙaru, kuma kowane malami da dokarsa, wani ya hana amfani da na'urar baki ɗaya, wani ya yarda in an bayyana, saboda haka tambayar farko da muke yi wa ɗalibi yanzu ita ce abin da malaminsa ya rubuta a tsarin kwas. Ba mu da hurumin kama kowa, kuma darakta ta hana mu amfani da manhajojin da ke da'awar gano rubutun na'ura, domin sukan ɗora wa baƙin ɗalibai laifin da ba su yi ba. Makon jiya wani ɗalibi ya kawo mini shafi biyar masu tsabta, na ce ya rufe kwamfutar ya faɗa mini da bakinsa abin da yake nufi, ni kuma na rubuta abin da yake faɗa a takarda, muka fita da jimla huɗu da bai rubuta ko ɗaya daga cikinsu a shafuka biyar ɗin ba.

A wasiƙa ta gaba, in Allah ya yarda, zan aiko muku da jerin tambayoyin da muke yi wa masu neman aikin da tsarin horon zango guda da muke bi, domin ku duba wanda zai yiwu da ɗaliban digiri na biyu da kuke da su a sashe. A gaishe mini da Hajiya da yara da sauran malamai. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Wassalam, ɗalibinku.